Kifin da Aka Goya a Bango

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku. Wannan ba tatsuniya ba ce, shi ya sa nake faɗinta da rana tsaka. Labarin Malam ne, mijina, kuma taubashina, ɗan gwaggona, wanda Mai shi ya karɓi abinsa a farkon sanyin nan. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ranar da aka kai shi makwanci, falonmu na Bron, a gefen Lyon, ya cika har bakin ƙofa. Mutanen Paris sun zo a jirgin ƙasa, ɗaliban ƙasarmu da ke karatu a nan Lyon sun zo, wasu ma ban san fuskarsu ba. Wuri ya yi kaɗan. Sai wani Alhaji ɗan Damagaram, mutum mai son tsara jama'a, ya nuna akwatin gilashin kifin da ke jikin bango ya ce:

"Samari, ku ɗauke wanga abu ku kai ɗaki, a shimfiɗa tabarma."

Samari suka kama, suka yi nishi, akwati bai ko motsa ba. Suka sake kamawa. Ɗayansu ya leƙa baya, ya ɗago ya ce, "Alhaji, wannan da ginin aka haife shi."

Wata mata daga Bobigny, can gefen Paris, ta matso ta duba da kyau. Ta ga ƙarafa, ta ga ɗamaru, a kansu kuma ga wani saƙi fari da baƙi an ɗaure tam. Ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Majanyi ne! Wa ya goya kifi?"

Surukata, matar ɗana, tun safe idanunta sun kumbura. Ta ɗago kai ta ce, "Baba ne. Ku bar shi, goye yake." Sai dariya ta ƙwace mata, kuka ya biyo baya, ni ma na kama. Na ga wasu tsofaffi suna kallon juna, wai dariya a gidan makoki. To don su nake wannan magana, da kuma don jikana, kada ya girma ya ce bai san wane ne kakansa ba.

Malam masunci ne. A bakin tafkin Madarunfa ya tashi, a can ya tsufa, hannunsa duk sawun igiyar koma. Ba shi da yawan magana, amma akwai wata kalma da ba ta barin bakinsa: "Ruwa baƙo ne, ko a cikin randa. Kullum hanyar tafiya yake nema." In na bar tulu a karkace, ita ce. In yaro ya cika kofi har baki, ita ce. Ni kuwa da yake taubashina ne, sai in ce masa, "Kai ma baƙo ne a gidan nan, kullum kana tafki." Ya ce, "Da kin iya miya da na zauna."

Ciwon ido ya kawo mu Faransa. Ɗanmu na fari, wanda ya zo karatu ya samu aiki, shi ya ɗauko mu aka yi wa Malam aikin ido. Muka fara zama a Bobigny, wai wata biyu mu koma. Wata biyun nan ita ce har yau. Da aikin yaron ya dawo Lyon, muka biyo shi. Ido ya warke, amma Malam ya zama kamar ragon da aka ɗaure a turke. Daga taga sai sallaya, daga sallaya sai taga. Ya ce shi bai taɓa ganin garin da za ka yi wa mutum sallama a hanya ya duba bayansa ba.

Ganin haka yaron ya sayo akwatin kifi, abin da su ke kira akwariyom. Aka zuba ruwa, aka kunna wani ɗan inji mai kumfa, aka saki jajayen kifaye. Malam ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo gare ni.

"Yaushe za a ci?"

"Ba a ci. Kallo ake."

"To gara haka. Duk ɗinsu ba su isa miyar mutum ɗaya ba."

Ba a yi nisa ba sai ga shi yana tashi daga sallar asuba ya nufi akwati, yana barbaɗa musu abinci da yatsa biyu, yana goge gilashi da gefen rawaninsa. Ya ce, "Na ci iyayensu da kakanninsu, yau ga ni na zama baransu. Allah ba a yi masa wayo." Babbar cikinsu, mai ruwan zinariya kamar haƙorin Makka, ya sa mata suna Hajiya.

Yanzu sai ku san wani abu game da Malam. Mutum ne mai kunya irin ta mutanen da. Ɗansa na fari bai taɓa kama sunansa ba, sai dai "shi wannan". Ba ya cin abinci kwano ɗaya da shi. To ina ga suruka? Yarinyar da ɗanmu ya aura a Bobigny aka haife ta, iyayenta mutanen Tawa ne, Hausarta a bakin uwarta ta tsince ta, rabi Faransanci. Ranar da aka fara kawo ta gaishe mu, ta nufo Malam da kumatu, irin gaisuwar nan tasu ta sumba. Ban taɓa sanin tsohon nan yana da sauran gudu ba. Sai a makewayi aka same shi, ya sa sakata.

A gida, gida yana da zaure, yana da sassa, suruki da suruka sai su shekara ba su yi ido biyu ba. A nan kuwa ɗaki uku ne da lungu ɗaya. Sai na zama ƴar aike. "Ki ce mata a rage gishiri." "Maman, ki ce wa Baba ya sha magani." Suna zaune falo ɗaya, ni ce a tsakiya kamar tsani. Wata rana ƙafata na ciwo na ce na ajiye aiki, kowa ya nemi bakinsa.

Malam ya gyara zama. Can ya gyara murya, ya juya wajen akwati ya ce:

"Hajiya, da za a samu shayi a gidan nan, da an gode wa Allah."

Surukata ta tsaya da cokali a hannu. Ta shiga kicin, ta fito da shayi, ta ajiye. Sannan ita ma ta fuskanci gilashi ta ce:

"Hajiya, ki ce wa Baba sukari ɗaya ne, likita ya hana biyu."

"Hajiya, ki ce likitan nan ba ya tsoron Allah."

Shi ke nan, hanya ta buɗe. Daga ranar, duk maganar gidan ta bakin kifi take bi. Gaisuwar safe, labarin aiki, tsadar nama, har gardamar ƙwallo. Lokacin da mahaifin surukata ya rasu, ta dawo daga Paris ta zauna a kujera ba ci ba sha. Malam ya zo ya tsaya gaban akwati, ya daɗe, sannan ya ce a hankali, "Hajiya, ki gaya wa ɗiyar mutane uba bai ƙare mata ba." Ran nan ta ci tuwo.

Sau ɗaya abin ya so ya jawo mana rigima. Uwar surukata ta zo ziyara, ita ma Hajiya ake ce mata, mace ce mai jiki, ba wanda ya tuna ya yi mata bayani. Tana cikin cin abinci sai ta ji Malam daga bayanta yana cewa, "Kai Hajiya, ci kawai, ci kawai! Dubi cikinki, ko juyawa ba kya iyawa." Matar nan ta ajiye cokali, ta ɗauki jakarta. A bakin asansar, injin hawa da sauka bene, muka tare ta. Da aka nuna mata takwararta, ta yi dariya har da hawaye, amma har yau in ta yi waya sai ta ce, "Ina mai sunana, ta rame?"

Sai Allah ya kawo jika, namiji. Yana cikin rarrafe aka nuna a tele wata girgizar ƙasa da aka yi a wata ƙasa mai nisa. Muna zaune duka muna kallo. Aka nuno wani kanti da ake sayar da kifin ado. Ruwa ya yi gabas, ya yi yamma, akwatuna suka zamo daga kan tebur ɗaya bayan ɗaya suna tarwatsewa. Na ga surukata ta dubi tele, ta dubi akwatin Malam a kan teburinsa mai siraran ƙafafu, ta dubi ɗanta da ke wasa a ƙarƙashinsa. Ta sure yaron.

Ran nan ba ta bi ta bakin Hajiya ba. Ta ja mijinta ɗaki, muka riƙa jiyo Faransanci yana tashi kamar ana suyar gyaɗa. Sannan ta fito ta same ni.

"Maman, c'est dangereux, akwai haɗari. Ruwan nan ya fi ƙato biyu nauyi. In ya faɗo kan yaro fa?"

Mijin ya ce, "Haba, nan Lyon ne. Ƙasa ba ta girgiza a nan."

"Kai ta yi wa alkawari? To bar ƙasa. Gobe yaron nan zai kama tebur ya miƙe. Shi ma ba ya girgiza?"

Gaskiyarta ce. Ta ce kafin yaro ya fara tsayuwa akwati ya bar gidan, har ta samu wata abokiyar aikinta mai so.

Malam ya ji komai. Ya mayar da kwanon tuwonsa yadda aka kawo. Da muka keɓe ya ce mini, "In aka fid da Hajiya, ki haɗa mini kayana, Maraɗi zan koma."

"Don kifi? Kai da ka cinye rabin tafki?"

"Da wa zan yi magana a gidan nan?"

"Ni fa, itace ce?"

"Ke ai faɗa muke yi." Sannan ya ce, "Yarinyar nan, da wane baki zan gaishe ta?"

Washegari suna fita aiki, ya buɗe adakar kayan yaro. Akwai majanyin da uwar surukata ta sa aka saƙo daga Tawa don suna, ba a taɓa ɗaura shi ba, don su a keken turawa suke yawo da jariri. Malam ya ɗauko shi, ya samo ƙusa biyu, ya buga a bango da taɓaryar turmina, ya zagayo akwati da majanyi ya ƙulle.

Na ce, "Mi kake yi haka?"

Ya ce, "Kin taɓa ganin ɗan da ke goye ya faɗi don uwarsa ta yi rawa?"

Surukata ta dawo ta gani. Ta tsaya ƙiƙam. "Majanyin ɗana! Kifi aka goya da shi!" Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Kwanaki suka wuce ba mai yi wa Hajiya magana. Gidan ya yi tsit, sai ƙarar injin kumfa. Yaro kuwa har ya fara kama ƙafar kujera yana ɗaga gindi. Ni da na rantse na bar aike, sai na karya rantsuwata sau ɗaya. Na sami surukata a kicin na gaya mata abin da Malam ya ce, yadda ya faɗe shi.

Ta ce, "Shi ya ce haka? Da wane baki zai gaishe ni?"

"Da kunnena na ji."

Ta wanke hannu, ta fita falo. Malam yana zaune yana jan carbi. Ta kama ƙusa ɗaya da yatsa biyu ta ja, ƙusa ta fito salin alin. Ta ɗaga ta gaban gilashi.

"Hajiya, ki gaya wa Baba ƙusa ba ta kama wannan bango. Amma ki ce masa goyon dabara ce. Ya bari sai Asabar."

Ranar Asabar ta dawo daga kantin kayan gini da injin huda bango, da ƙarafa masu kusurwa, da dogayen bis, wato ƙusoshin murɗawa, da ɗamaru irin na kujerar mota, da wata tabarmar roba mai kauri. Mijinta ya shigo da sabon tebur, gajere, mai faɗin gindi. Aka kwashe kifaye a babbar roba, aka kwashe ruwa kaf, don ta ce ba a motsa akwati da ruwa a ciki, gindinsa zai tsage. Aikin ɗana ran nan jigilar bokiti ne, da digirinsa da komai.

Ita ta riƙe inji ta huda bango har ta kai ga kankare. Ta ɗaure tebur da bango da ƙarafan nan, sama da ƙasa. Ta shimfiɗa robar a kan tebur kafin a ɗora akwati, na ce, "Ashe gammo ne." Malam kuwa ya ba ta baya, ya tsuguna gaban robar kifi, daga nan yake ba da umarni.

"Hajiya, a rage ruwa yatsa huɗu daga baki. Ruwan da ya cika baki shi ne farkon tafiya."

"Hajiya, ki ce an ji. Ki ce kuma za a sa wa murfi maƙalai."

"Hajiya, dutsen nan babba a janye shi daga jikin gilashi, a binne gindinsa a yashi."

"Hajiya, ki ce ya matsa, yana kan wayar wuta."

Ta mayar da wurin sa wuta sama, inda ko ruwa ya fantsama ba zai kai ba. Aka ɗauke shimfiɗar yaro aka kai ɗaya gefen falo. Ni ma na sa baki: na ce mu can in mun ɗebo ruwa daga rijiya, ganye muke jefawa a kai don kada ya yi ta tangaɗi. Aka samo ciyawar ruwa mai yawo a sama aka zuba. Da aka ja ɗamaru aka ƙulle, ɗana ya rungumi akwati ya jijjiga da ƙarfinsa. Ko gezau.

Majanyi yana yashe a kujera. Surukata ta ɗauka ta juya shi a hannu, ta ce, "Maman, nuna mini yadda ake ƙullin." A jikin akwatin kifi ta koyi goyo. Kashegari na gan ta a kicin da yaro a baya, ta ɗaure shi da gyalena, yana barci.

Daga nan Malam ya shiga jira, kamar wanda ya yi wa baƙo yanka. Tiram, jirgin cikin gari, ya wuce a ƙasa, ya dubi ruwa. Maƙwabta su kunna injin wanki, ya miƙe.

"Ita ce?"

"Wanki ne, Malam."

In ya je gidan wani ɗalibi cin abinci, kafin ya zauna sai ya kama kabad ya jijjiga, ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba goye yake ba." Har yaran suka sa masa Baba Girgiza, yana ji yana murmushi. Jikan da aka yi goyon don shi ya tashi, ya yi tafiya, ya shiga lakwal, wato makaranta, ƙasa ba ta ce komai ba. Kowace Juma'a Malam sai ya bi bis ɗin nan ɗaya ɗaya da yatsa, ya gyara ƙullin majanyi.

Sai a kakar da ta wuce, wata ranar hutu, ɗana ya tafi da shi Paris wajen sunan ɗan wani abokinsa. Mu muna gida. Hantsi ya ɗaga, ina tsintar shinkafa, sai na ji kujera tana tafiya da ni. Fitilar sama ta kama lilo, kofuna suna ƙara a kabad. Surukata ta rungumo yaro. Dukanmu muka juya wuri ɗaya. Ruwa ya yi gabas, ya bugi murfi, ya yi yamma, ya dawo ya kwanta. Kafin in kai ƙarshen salati an gama. Akwati yana nan inda yake, Hajiya tana buɗe baki tana rufewa kamar ba a yi ba. Daga baya muka ji can kudu gidaje sun tsattsage, Allah ya mayar musu da alheri.

Surukata ta ɗauki waya. Ta ce wa mijinta ya buɗe muryar wayar ya miƙa wa Baba. Suna unguwar Barbès a lokacin, ƙarƙashin gadar jirgin metiro, wai Malam yana cinikin hula. Ta jingina wayar a jikin gilashi.

"Hajiya, ki gaya wa Baba baƙuwarsa ta zo."

Muka ji ƙarar jirgi yana wucewa ta kansu. Sannan muryarsa:

"Hajiya, wace baƙuwa?"

"Girgizar ƙasa. Ki ce masa goyo ya riƙe."

"Hajiya, ki tambaye su da kyau, ba wanki ba ne?"

"Ki ce masa ya nemi tele ya gani."

"Kai! Shekara da shekaru ina zaune ina jiranta, sai da ta ga ƙeyata!" Muka fashe da dariya. Sai muka ji muryarsa ta sauya. "Yaron fa? Ɗiyata, ke lafiyarki? Ba abin da ya same ki?"

Ba Hajiya a ciki. Surukata ta dube ni, ta dubi wayar.

"Lafiya lau, Baba. Dukanmu lafiya."

Can sai ga shi, ƙasa ƙasa:

"Hajiya, ki ce ban ce komai ba."

Bai yi wata biyu bayan wannan ba. Sanyi ya kama masa ƙirji. Ranar da za a kai shi asibiti, ya sa ɗana ya tsaya da shi gaban akwati, ya taɓa ƙullin majanyi ya ce, "Hajiya, a riƙa duba bis. Ruwa baƙo ne." A can ya cika, wata Laraba bayan la'asar, da kalmar shahada a bakinsa.

Ɗana yanzu shi ke bin bis ranar Juma'a, kuma na ji shi da kunnena yana ce wa ɗansa ruwa baƙo ne. Jikana ya gaji barbaɗa abinci, sai dai hannunsa ya fi na kakansa nauyi. Alhajin Damagaram da ya ce a ɗauke akwati, an ce ya koma gida ya sa an ɗaure masa kabad da bango. Hajiyar Bobigny, uwar surukata, ta ce za ta sa a saƙo wani majanyin, don surukata tana da ciki, kuma na farkon yana da mai shi. Ni ina takaba, ina zaune a kujerar Malam, ba wanda zan yi faɗa da shi.

Surukata kuwa na gaya mata addu'a ce kaɗai ke isa ga mamaci. Ta ce ta sani, kuma tana yi, ina ganinta bayan kowace salla. Amma kullum in ta dawo daga aiki, kafin ta cire takalmi, sai ta tsaya gaban gilashi ta ce, "Hajiya, ki gaya wa Baba na dawo."

Ga kunnuwanku nan na mayar. Wanda ya ji, ya yi wa Malam addu'a.